Gyara Daga Nesa: Amfani da API Wajen Sarrafa Na'urorin Sadarwa a Yankin Rano da Kibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake amfani da API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da na'ura kai tsaye ba da hannun mutum ba, wajen saita na'urorin sadarwa da lura da lafiyarsu. An ɗauki ƙananan hukumomin Rano da Kibiya na kudancin Jihar Kano a matsayin fagen nazari. Manyan kamfanonin duniya sun rungumi wannan fasaha ne saboda na'urorinsu sun fi ƙarfin hannu. Dalilin karkara daban ne: nisa, tsadar tafiya da ƙarancin masu gyara. Don haka maƙalar ta fi ba da ƙarfi ga abu biyu, ikon na'ura ta warware kuskure da kanta idan mai gyara ya ɓace mata, da rubutaccen saiti da zai zauna ko da wanda ya tsara shi ya bar gari.

1.0 Gabatarwa



Zan fara da abin kunyar da ya taɓa samuna, don daga gare shi tunanin wannan maƙala ya tsiro. Wata rana da daddare ina zaune a ɗakina a Kano, na shiga rawutar wata makaranta da ke kudancin jihar nan daga nesa, da niyyar toshe wasu ƙofofi da ɓarayin intanet ke ta ƙwanƙwasawa. Na rubuta dokar da ke cewa a kori duk baƙon da ya zo, ashe ban fara rubuta wadda ke cewa ban da ni ba. Ina danna maɓalli allon ya sandare. Na'urar ta bi umarnina sau da ƙafa, ta kore ni tare da ɓarayin. Washegari da sassafe na nufi tasha, muka jira mota ta cika, na sauka na hau acaɓa, na tarar mai riƙe da makullin ɗakin kwamfuta ya tafi ɗaurin aure wani ƙauye. Sai bayan la'asar aka buɗe mini. Gyaran bai ci minti biyu ba.

Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a yana da irin labarin nan, ko ya faɗa ko ya haɗiye. Abin da nake son mu duba shi ne: wane tsari ne zai hana kuskuren minti ɗaya ya ci wuni guda da kuɗin mota, kuma nawa ne daga cikin wannan tsari zai yiwu da na'urorin da ke hannunmu a yau?

2.0 Fagen nazari

Rano tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. A tsarin yau Rano da Kibiya da Bunkure mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma su ukun ne ƙasar masarautar Rano bisa dokar da aka yi a 2024. Ƙidayar 2006 ta ba Rano mutum sama da dubu 140, Kibiya sama da dubu 130, a warwatse cikin garuruwa irin su Rurum, Saji, Lausu da Zurgu a gefen Rano, da Tarai, Durba, Fammar da Nariya a gefen Kibiya. Ƙasa ce ta noma mai duwatsu. Ga mai aikin sadarwa dutse aboki ne kuma abokin gaba: eriyoyin da ke haɗa gari da gari sai sun ga juna ido da ido, dutse ɗaya a tsakani ya isa ya yanke su, amma idan aka sami hawa kansa sai ya zama hasumiyar da ba a saya ba. Illar ita ce duk na'urar da aka ɗora can, zuwa wurinta aiki ne.

Sadarwar yankin hawa biyu ce. A sama akwai manyan kamfanonin waya da kamfanonin da ke kula musu da ƙarafan sabis, irin su IHS. Waɗannan suna da cibiyoyin sa ido dare da rana, kuma ba su ne abin damuwar wannan maƙala ba. A ƙasa akwai ƙananan netwok: ɗakin kwamfuta na makaranta, ofishin sakatariya, asibiti, kafe, da matashin da ya kafa eriya yana sayar wa unguwa waifai. Nauyin da ke kan wannan hawa na biyu kullum ƙaruwa yake yi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Rahoton asibitoci yana bi ta manhajar DHIS2. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa abin da kalmar "ba netwok" ke nufi a teburin mai POS ranar kasuwa. A cikin shekarar kuma, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Tafiyar gyara da a da ake yi ba a lissafa ba, yanzu sai an zauna an yi shawara.

A abin da na gani, kusan kowace ƙaramar netwok irin wannan mutum ɗaya ne ya san cikinta, kuma sau da yawa ba a garin yake kwana ba.

3.0 Daga baƙin allo zuwa fom

Hanyar da aka saba ita ce mutum ya shiga na'ura ta baƙin allo ya rubuta umarni layi bayan layi, na'urar ta amsa masa da rubutu irin wanda ido ke karantawa. Don mutum aka yi wannan hanya. Idan aka ce manhaja ta bi ta, sai ta zama kamar wanda bai iya karatu ba aka ce masa amsar tana layi na huɗu, kalma ta uku. Ranar da kamfanin na'urar ya ƙara layi ɗaya a sabon fitowa, sai ya ɗauko abin da ba shi ba. Kayan aiki irin su Netmiko, wanda aka rubuta da harshen Python, ta wannan hanya suke bi, kuma suna da amfani ga tsofaffin na'urori, amma lalube ne.

Daga cikin yunƙurin farko-farko na ba manhaja ƙofarta akwai SNMP, wanda ya fito a 1988. Ya yi nasara wajen karanta ƙididdiga, kamar yawan bayanan da suka ratsa wata waya, kuma har gobe ana amfani da shi. Wajen saiti kuwa bai karɓu ba. A watan Yunin 2002 aka tara masu tsara ƙa'idojin intanet da masu gudanar da netwok na gaske a garin Reston na Amurka, inda masu aikin suka fito fili suka ce ba sa saita komai da SNMP. Rahoton zaman ya fito a 2003 da lambar RFC 3535. Buƙatunsu sun haɗa da a raba saiti da bayanan halin da na'ura ke ciki, a iya ɗauko saiti dungurungum a mayar da shi dungurungum, kuma canji ya zama ko ya shiga duka ko kada komai ya shiga.

Daga nan ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da NETCONF a Disambar 2006, aka sabunta shi a 2011 a RFC 6241. Sai harshen YANG a 2010, wanda shi ne ƙashin bayan lamarin. YANG fom ne mai gurabe. Yana faɗin sunan kowane gurbi, da irin abin da ya halatta a zuba a ciki. Misali lambar VLAN, wadda ake raba netwok ɗaya gida-gida da ita, daga 1 take zuwa 4094. Idan manhaja ta aiko da 5000, za a dawo mata da fom ɗinta tun kafin ya taɓa komai. Bambancin saƙon baka da rubutaccen fom ke nan, kuma shi ne ainihin abin da API ke sayarwa.

RESTCONF ya biyo baya a Janairun 2017, ya ɗora fom ɗin YANG a kan HTTP, hanyar da shafukan intanet ke bi, don duk mai rubuta manhajar yanar gizo ya iya shiga harkar. A gefe guda Google da wasu manyan kamfanoni sun haɗu a ƙarƙashin OpenConfig suka samar da gNMI, inda maimakon a riƙa tambayar na'ura kowane minti biyar, ita ce ke turo labari da kanta.

4.0 Minti goma

A cikin duk abin da NETCONF ya zo da shi, abu ɗaya nake son mu tsaya a kansa, don shi ne maganin ciwon da na fara da shi.

Manhaja tana shiga ta SSH a ƙofa mai lamba 830. Abu na farko gaisuwa ce, kuma haka sunan saƙon yake a ƙa'idar: kowane ɓangare ya gaisa ya faɗi abin da ya iya. A nan na'ura ke bayyana ko tana da allon gwaji, wato kwafin saiti da ake iya rubutu a kai ba tare da ya shafi wanda ke aiki ba, da kuma ko ta san tabbatarwa mai sharaɗi. Idan ta san su, manhaja sai ta kulle allon gwajin don kada wani ya sa hannu a tsakiyar aiki, ta rubuta canjin, ta ce wa na'ura ta duba ko fom ya cika daidai. Sannan ta ce: zartar da wannan, amma bisa sharaɗi. Daga wannan lokaci agogo ya fara bugawa, daƙiƙa 600 idan ba a faɗi wani adadi ba. Canjin yana aiki. Manhaja ta gwada: ina iya isa gare ki har yanzu? Kwamfutocin ɗakin suna fita intanet? Idan komai lafiya, ta aika tabbaci na biyu, canji ya zauna. Idan kuwa canjin ya yanke hanyar da manhajar ke bi, tabbaci ba zai iso ba, minti goma na cika na'ura ta koma saitinta na dā da kanta.

Da rawutar makarantar nan tana da wannan tsari a daren da na ba ku labari, da abin da zan yi shi ne in tashi in haɗa shayi in dawo in tarar ƙofa a buɗe.

Kamfanin Juniper ya daɗe da wannan dabara a na'urorinsa, kuma injiniyansa Rob Enns ne ya shirya takardar NETCONF ta farko. Ya kamata kuma a lura cewa RESTCONF, duk da sauƙinsa, bai gaji kullewa da tabbatarwa mai sharaɗi ba. Abin da aka aika ya shiga ke nan. A cibiyar adana bayanai mai injiniya a ɗaki na gaba wannan ƙaramin rashi ne. A kan dutse a Rurum cikin watan Agusta, babba ne. Shi ya sa nake ganin ma'aunin da ya kamata mai sayen na'ura don karkara ya fara ɗorawa shi ne: idan na ɓace mata, za ta dawo da kanta?

5.0 Abin da ke hannunmu

Sai dai a yi gaskiya, na'urorin da ke magana da NETCONF sosai ba su ne a ɗakunan kwamfutocin karkara ba, kuɗinsu ya fi ƙarfin makarantar gwamnati. Abin da ake yawan gani shi ne MikroTik, na wani kamfani da aka kafa a Latbiya a 1996, da eriyoyin Ubiquiti, da ƙananan rawutocin gida waɗanda ba su da wata ƙofa sai shafin saiti. Na ƙarshen nan babu abin da za a ce a kansu sai a canza su idan hali ya yi.

MikroTik ba ya jin NETCONF, amma yana da API nasa a ƙofa ta 8728, da mai sirri a 8729, kuma tun fitowar RouterOS 7.1 yana karɓar tambaya ta hanyar REST. Idan manhaja ta nemi adireshin /rest/system/resource, amsa za ta zo a tsarin JSON, kowane bayani da sunansa: tsawon lokacin da na'ura ta yi a kunne, lambar fitowar manhajarta, nauyin da ke kan ƙwaƙwalwarta. Layi goma sha biyar na Python sun isa a zagaya na'ura ashirin a tattaro wannan a jera a tebur. Tsawon lokacin kunnawa kaɗai labari ne: na'urar da kullum ka tambaye ta ba ta wuce awa uku a kunne ba, matsalarta wuta ce, kada a ɓata lokaci wajen binciken saiti.

Akwai yanayin kariya a RouterOS da ke warware canji idan zaman mai gyara ya yanke, amma an yi shi ne don mutumin da ke zaune gaban allo. Ga manhaja, dole a ƙera minti goman da hannu, kuma ba wuya. Kafin ta taɓa komai, ta sa na'ura ta ajiye kwafin saitinta. Ta kafa jadawalin da zai ɗora wannan kwafi bayan minti goma. Ta aika canji, ta gwada, idan ta ga lafiya ta goge jadawalin. Idan ba ta samu shiga ta goge ba, jadawali zai yi aikinsa, na'ura ta sake kunnuwa da tsohon saiti. Ɗinki ne na hannu, ba shi da kyan na kanti, amma yana rufe jiki. Gargaɗi ɗaya: da yawa daga ƙananan na'urorin nan ba su da batirin agogo, idan wuta ta ɗauke lokaci kan rikice musu sai sun sake tambayar intanet. Don haka a gina jadawalin kan tazarar mintuna, kada a ce ƙarfe kaza.

6.0 Adireshi, data da wuta

Littattafan da ke koyar da wannan fanni suna ɗauka cewa saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, tana iya kiran kowace na'ura ta adireshinta. A karkararmu ba haka abin yake ba. Netwok ɗin da ke shan intanet ta layin waya ba ta da adireshi nata na kanta. Kamfani yana cusa dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya da babu lambar ɗaki. Na ciki yana iya fita, na waje ba ya iya neman kowa. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, shi ma haka yake a tsarinsa na gama-gari. Mafita ita ce a juya kiran: na'ura ce za ta nemi saba. IETF ta tanadi wannan ga NETCONF a RFC 8071 ta 2017, haka kuma TR-069, wanda kamfanonin intanet ke sarrafa rawutocin gidaje da shi tun 2004, yake aiki. Ga MikroTik hanya mafi sauƙi ita ce WireGuard, wanda ke cikin RouterOS 7: kowace na'ura ta haƙa rami mai sirri zuwa saba ɗaya, duk maganar API ta bi ta ciki. A ina za a ajiye sabar? Zai fi kyau a cikin ƙasa, kusa da inda kamfanoni ke musayar zirga-zirga. IXPN, cibiyar irin wannan musaya, tana da reshe a Kano. Wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ya san abin da ke samun mai ajiya a Turai.

Data kuma kuɗi ce, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni a Janairun 2025. Lissafin ba shi da wuya. Na'urar da ke aika rahoton kilobayit 1 kowane minti za ta ci wajen megabayit 43 a wata. Wadda aka sa ta turo kilobayit 10 duk daƙiƙa biyar, yadda manyan cibiyoyi ke yi, za ta haura gigabayit 5. Wato sa ido kaɗai zai cinye rabon ɗalibai. Ba ma buƙatar ƙididdiga ɗari. Biyar ko shida sun wadatar.

Daga cikinsu babu kamar ƙarfin batir. Wasu na'urorin MikroTik suna faɗin ƙarfin wutar da ke shigarsu, kuma idan kai tsaye daga batirin sola suke sha, wannan lamba madubin batirin ce. A zana ta a kan jadawali na mako biyu. Da rana ta hau, da dare ta gangara. Idan hawan rana ya fara gazawa a watan Disamba, ba wani abu ba ne, ƙurar hunturu ce ta lulluɓe gilashi. Idan hawan yana kaiwa amma gangarar dare tana ƙara tsayi mako bayan mako, batir ne ke bankwana, kuma an sami wata guda ko biyu na neman kuɗin sabo. Na farkon, wato ƙurar, ba ya buƙatar injiniya. Manhaja ta turo saƙo, a ɗaga waya a kira mai gadi: "Baba, ina kwana? Don Allah a sa yaro ya hau ya goge gilashin sola." Shi ke nan an tsallake tafiya ɗaya. A ra'ayina wannan kaɗai ya biya wahalar kafa tsarin, tun kafin a kai ga tura saiti.

7.0 Abin da ya ci Doma

Hannu yana kuskure a na'ura ɗaya. Manhaja tana yin sa a ashirin cikin daƙiƙa goma. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga duniya na kusan awa shida. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne an aika wani umarni yayin gyara na yau da kullum, ya yanke duk hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsa, manhajar da aka ɗora wa tace irin wannan umarni kuma tana da nata aibin, ba ta tare shi ba. Kayan gyaran nesa sun tafi tare da netwok ɗin, sai da aka tura injiniyoyi da ƙafa. Tafiyar da na yi zuwa makarantar nan ce, an dai ƙara mata sifili da yawa. A gida ma, ranar 12 ga Nuwambar 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta Rasha da Sin na minti 74, kuma kamfanin ya amsa cewa wajen wani aikin haɓakawa ne abin ya faru.

Darasin ga ƙaramar netwok shi ne kada canji ya tafi ko'ina lokaci ɗaya. Manyan kamfanoni suna jera na'urori bisa muhimmanci. Ni shawarata a jera su bisa nisa. A fara da wadda ke kan teburin mai gyara, sai ta cikin garin Rano da ke bakin kwalta, a bari ta kwana, sannan a gangara zuwa waɗanda hanyarsu ke cin taya da damina. Wadda ke kan dutse ita ce ta ƙarshe. Kada kuma a tura komai ranar Alhamis da yamma, ko mako guda kafin jarrabawa.

Haɗari na biyu ɓarawo ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2018 aka gano wata ɓaraka a Winbox, manhajar saita MikroTik, wadda ke ba baƙo damar kwashe kalmomin sirri. Kamfanin ya toshe ta a watan Afrilun shekarar, amma dubun dubatar na'urorin da ba a sabunta ba sun faɗa hannun miyagu, har a 2021 aka ga an haɗa irinsu ana kai hare-hare da su a ƙarƙashin sunan Meris. Ƙofar API da aka bari a buɗe ga duniya gayyata ce. Ta saurari cikin ramin WireGuard kawai. Manhajar da aikinta karatu ne a ba ta asusun da ba ya iya rubutu. Bayanan waɗanda suka hau netwok kuma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kansu, don haka abin da ba a buƙata kada a tara shi.

8.0 Littafi da makulli

Saura tambayar da ta fi kowacce damuna: daga ina manhaja ke sanin yadda ya kamata na'ura ta kasance? Dole a sami littafi guda da kowa ya yarda shi ne gaskiya, mai ɗauke da sunan kowace na'ura, inda take, adireshinta, da abin da aka nufa da ita. Manya suna amfani da NetBox, wanda aka saki kyauta a 2016, shi ma da API nasa. Netwok mai na'ura ashirin fayil ɗaya ya ishe ta, a ajiye a Git don a san wa ya canza me, yaushe. Kayan aiki irin su Ansible sai su karanta littafin, su duba na'ura, su gyara inda suka saɓa kawai. Ko sau goma aka maimaita, sakamakon ɗaya ne. Mai gyara ya daina ba da umarni mataki-mataki kamar mai aiken yaro, ya koma kamar mai miƙa wa magini zanen gida.

Amfanin wannan a wurinmu ya wuce na fasaha. Sau nawa ɗan bautar ƙasa ya zo ya haɗa wa makaranta netwok mai kyau, shekara ta cika ya tafi da komai a kansa? Wanda ya gaje shi ba shi da kalmar sirri, sai ya soka tsinke a ramin da ke goge na'ura, a koma farko. Idan saitin yana rubuce, sabon zuwa zai karanta, kuma na'urar da tsawa ta ƙone za a sayo wata a zuba mata littafin cikin minti kaɗan.

Koyon abin ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. MikroTik yana da nau'in da ke gudana cikin kwamfuta, kyauta idan an yarda da gudun megabit 1, kuma da manhajar GNS3 ɗalibi zai iya jera rawuta biyar a laftof ɗaya ya lalata su ya gyara yadda ya so. Reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano, da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, da Jami'ar Bayero, duk suna iya ba da wannan a matsayin aikin ƙarshen zango: a ba ɗalibi netwok biyar na gwaji, malami ya sa masa dokar da za ta kulle shi a waje, a ga ko za ta dawo da kanta.

Ga duk hukumar da za ta gwada wannan a yankin, ina ba da shawarar watanni shida na farko su zama na karatu zalla. Manhaja ta tattara kwafin saiti kowane dare, ta auna batir, ta aika saƙo, amma kada ta rubuta komai. A wannan lokaci ne za a gano cewa abin da ke cikin na'urori ya sha bamban da abin da kowa ke zato, a gyara littafin har ya dace. Bayan nan a buɗe rubutu, daga ta kusa zuwa ta nesa.

Makullan kuma kada su zama na mutum ɗaya. Kwafi ɗaya wurin mai gyara, ɗaya a ambulan da aka liƙe a ofishin shugaban makaranta ko na asibiti. Ranar miƙa aiki, kafin a sa hannu a takardar biya, a kira wanda zai gaji aikin, a goge na'urar ƙarƙaf a gaban shugaba, a miƙa masa ambulan da littafin, shi kuma wanda ya haɗa ta ya koma gefe ya naɗe hannu har sai intanet ta dawo.